Ƙwaron Mai Allura Ya Haye Kogi

In kana son ganin ɓacin ran Mai Allura, ba sai ka zage shi ba. Leƙa cikin akwatin gilashin da ke kan teburinsa kawai ka ce, "A'a, wannan ba buzuzu ba ne?" Shi ke nan, ka tsokano wa kanka. Zai ajiye hantsaki, ya zare tabarau, ya ƙare maka kallo daga sama har ƙasa, sannan ya sanar da kai cewa buzuzu kashi yake turawa, wannan kuwa mafarauci ne, tsutsar da ke cinye shukar ubanka ita ce abincinsa. Masu shara sun sha wannan faɗan, masinjoji sun sha, har wani babban baƙo da ya zo da 'yan rakiya da masu ɗaukar hoto ya karɓi nasa rabon a gaban kowa.

Shekara talatin da shida ya yi a ɗakin ƙwari na wata cibiyar binciken noma, ɗaki na ƙarshe a hawa na biyu, dab da banɗakin da tun zuwansa ba a taɓa ganin ruwa a famfonsa ba. Shara aka ɗauke shi yi, yana saurayi, da takardar firamare kaɗai a hannunsa. Ran nan Farfesan da ke riƙe da ɗakin ya shigo ya same shi ya jingine tsintsiya, ya zaro tsinke guda daga jikinta, yana manna wa wani ƙwaro ƙafarsa da ta ɓalle. Farfesa ya tsaya a kansa yana kallo har ya gama. Da ya gama sai ya ɗauke tsintsiyar ya kai bayan ƙofa, ya miƙa masa hantsaki.

Aikin ba wanda ake tafa wa mutum ba ne. A tausasa mataccen ƙwaro, a soka masa siririyar allura ta fiffiken dama, a miƙe ƙafafu shida kowace a mazauninta, a bar shi ya bushe. Sai a yanko 'yar takarda da ba ta fi farce ba, a rubuta inda aka kama shi, da ranar, da wanda ya kama, a soke ta a ƙarƙashinsa. A zuba kafur a kusurwar akwati don kada wasu ƙwarin su cinye waɗannan. Gobe ma haka, jibi ma haka, har aka laƙaba masa Mai Allura. Warin kafur ɗin nan ya bi shi har gida, matarsa ta ce ko ruwa ya miƙo mata a kofi sai ta ji kamar daga cikin akwatin kaya aka ɗebo shi.

Ɗalibai kuwa sun wuce ta hannunsa ba adadi. Shi ya koya musu riƙon hantsaki, shi ya gyara musu abin da suka ɓata kafin malamansu su gani. Suka tafi suka dawo da manyan takardu, wasu har suka zama shugabanninsa, suna haɗuwa da shi a matakala su ɗaga masa yatsa biyu su wuce. Sau huɗu yana neman ƙarin girma, sau huɗu ana dawo masa da takardarsa wai ba shi da shaidar karatu. A littafin ma'aikata har gobe mai shara ne. Wannan abu ya ci masa rai, kuma bai taɓa ɓoyewa ba, duk wanda ya zauna kusa da shi minti goma sai ya ji labarin.

Abu ɗaya ya samu a duk shekarun nan, amma fa ya riƙe shi da hannu biyu.

Shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, ya binne gwangwanayen madara a bayan tsohon ramin fasa dutse da ke bakin gari. Haka ake kama ƙwari masu gudu a ƙasa: a binne gwangwani bakinsa daidai da ƙasa, a zuba ruwan gishiri da ɗigon sabulu, a ɗora fallen dutse a kan tsakuwa uku ya zama rumfa, a dawo bayan kwanaki. Da ya dawo sai ya tarar da wani baƙin ƙwaro mai tsawon gaɓar yatsa biyu, dogayen ƙafafu, fikafikan sun manne da juna ba ya tashi, gefen bayansa kuma yana ƙyalli ja kamar jan ƙarfen da aka goge. Ya buɗe akwatunan ɗakin kaf bai ga irinsa ba.

Farfesa ya shekara biyu a kansa. A duk littattafai, guda ɗaya ya samu mai kama da shi. Shekara casa'in kafin nan, wani matafiyi daga ƙetaren teku ya tsinci ƙwaro ɗaya tak a gindin wasu tsaunuka, tafiyar kwana shida a babbar mota daga nan, ya tafi da shi ƙasarsu, ya raɗa masa sunan attajirin da ya ɗauki nauyin tafiyarsa, mutumin da ko a mafarki bai taɓa taka wannan ƙasa ba. Amma wancan gefen bayansa kore ne. Ga kuma ƙaton kogi a tsakani. Farfesa ya ce abin da ba ya tashi ba zai haye wannan kogin ba, wancan dabam, wannan dabam. Ya rubuta, aka buga a mujallar masana, ya kuma sa wa sabon ƙwaron sunan wanda ya kama shi. Ranar da mujallar ta iso, Mai Allura ya shiga banɗakin nan da ba ya aiki, ya kulle, ya yi kukansa ya ƙoshi.

Daga ranar ko an yi masa wulaƙanci a ofis sai ya ja akwati na goma sha huɗu, inda ƙwaron yake, ya duba. Ga sunansa nan a rubuce, sunan da za a karanta a ƙasashen da masu ɗaga masa yatsa biyu ba su taɓa zuwa ba.

Farfesa ya rasu. Ɗakin ya yi shekaru ba mai shi, sai Mai Allura da kafur. Sannan aka kawo Dakta, wata siririyar mace mai sanyin magana, wadda ita ma a hannunsa ta koyi soka allura tana ɗaliba, kuma ita kaɗai ce cikinsu har yau take miƙewa in ya shigo. Saura wata biyar ya yi ritaya ta kira shi gaban kwamfutarta.

"Baba, zauna. Akwai abin da nake so ka ji daga bakina kafin ka ji a wani wuri."

Bai zauna ba. Ta nuna masa hotunan da aka aiko mata daga gidan ajiyar ƙwari na can ƙetare, hotunan tsohon ƙwaron matafiyin nan, ciki da bai. Ta jera su da nasa. Kai iri ɗaya, ƙafa iri ɗaya, zanen baya iri ɗaya, kayan cikin ma da ta feɗe ta duba iri ɗaya. Launin gefe ne kawai ya raba su.

"Ina zargin abu ɗaya ne, Baba. Kuma ka san ƙa'ida. In suna biyu suka haɗu a kan ƙwaro ɗaya, tsohon ne yake tsayawa. Sabon sai ya koma ƙarƙashinsa, a daina kira."

"A daina kira," in ji shi.

"Eh."

"Wato sunan attajirin nan da bai san ƙwaro daga tsakuwa ba ya tsaya, nawa ya sauka."

"Ba ni na kafa ƙa'idar ba."

"Ke makauniya ce? Ja da kore ɗaya ne a makarantar da kika je? Farfesa da ya shekara biyu yana dubawa bai gani ba, sai ke da ko ƙafar fara ba ki iya miƙewa ba sai da na kama miki hannu!"

Ta bar shi ya zazzage abin da ke cikinsa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, har masu shara suka taru a bakin ƙofa. Da ya tsagaita ta ce, "Gaskiyarka a wuri ɗaya. Ba ni da cikakkiyar hujja. Na aika takardar, masu tantancewa sun dawo da ita, sun ce in nuna abin da ke tsakanin nan da tsaunukan, kuma ba wanda ya taɓa kafa tarko a wurin. In babu shi a tsakani, ko kuma kowanne ya tsaya a nasa gefen kogin da launinsa, sunanka ya zauna. In aka samu ruwa biyu a tsakiya, to."

"To me?"

Ta mai da idonta kan hotunan. Ya ja tsaki ya fita ya bugo ƙofa har gilashin akwatuna ya amsa.

A gida ya ƙi cin abinci. Matarsa ta saurare shi tana ninke wanki, ta ce, "Yanzu Malam duk wannan kumfar bakin a kan sunan da ke jikin ƙwaro? 'Ya'yanka biyar suna yawo da sunanka a gari."

"Su ai ba su da zaɓi. Wannan kuwa ba ni aka yi."

"Ƙwaron ya san an ba ka?"

Ya dube ta kamar ya rufe ta da duka, shi da bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ta ga abin ba na wasa ba ne, ta ajiye zanen da ke hannunta. Ita ce ma ta tuna masa da ƙaninta Dogo, direban babbar mota, wanda duk wata yake ɗaukar siminti ya bi wannan hanyar har gindin tsaunukan ya dawo da katako.

Nan take dabara ta faɗo masa, dabarar da sai wanda ya yarda da hannunsa fiye da kima zai yi. Zai bi Dogo. A hanyar zuwa ya binne gwangwani a kowane zango, a hanyar dawowa ya tone. Zai dawo ya dire wa Dakta gwangwanayen tsakiya fanko a kan teburinta, kuma ba mahalukin da zai ce tarkon ne bai kafu ba, don duk cibiyar an san in Mai Allura ya kafa tarko bai kama ba, to babu abin a wurin. Ko sau ɗaya bai tsaya ya tambayi kansa abin da zai yi in tarkon ya kama ba.

Ya karɓi hutun da ya shekara tara bai taɓa ba. Ya bi masu shayin unguwa ya tattaro gwangwani talatin da uku, ya wanke, ya ɗaure a buhu. Ga jarkar ruwan gishiri, ga kwalabe da sifirit, ga ƙaramin diga, ga littafi da fensir. Farkon damina ne, lokacin da masu gudu a ƙasa suke fitowa.

Dogo ya ga kayan ya riƙe baki. "Yaya, shayi za mu riƙa sayarwa a hanya?"

"Ja mota."

Zango goma sha ɗaya ya tsara, gwangwani uku a kowanne, ya sa wa zangunan lamba somawa daga gida. Dogo mutum ne da ba ya son taka birki in ba dole ba, ga shi an mai da motarsa kamar jakin mai talla, ko'ina sai an tsaya. Kuma Mai Allura ba ya binnewa a inda aka ga dama. Sai ya sauka ya zaga, ya duƙa ya damƙi ƙasa ya shinshina, ya ɗaga duwatsu, ya nemi inuwa mai danshi inda ganye ya ruɓe. A zango na huɗu wani manomi ya biyo shi da fartanya a sama, wai asiri yake binne masa a gona, sai da Dogo ya sauko ya rantse cewa mijin yayarsa ne, ba mugu ba ne, taɓin hankali ne kawai ɗan kaɗan. Mai Allura bai yi wa Dogo magana ba har suka yi tafiyar awa uku.

A zango na shida, gab da gadar kogin ta ɓangaren gida, Dogo ya ce, "Yaya, tunda so kake a ce babu, me ya sa kake wahalar neman wuri mai kyau? Binne su a kan kwalta mana mu wuce."

"In babu, a wuri mai kyau za a ce babu."

Ya samu wata 'yar kwari a ƙarƙashin bishiyoyi, sama da magudanar ruwan titi, ƙasar baƙa mai laushi. Shi kansa ya san a duk tafiyar bai kafa tarkon da ya kai wannan kyau ba.

Suka haye gada, suka ci gaba, suka kai tsaunuka a rana ta shida. Aka sauke siminti, aka yi kwana biyu ana lodin katako, suka juyo.

Zango na goma sha ɗaya, a gindin tsauni, ya tone ya samu tara, duk kore shar. Ya ɗaga ɗaya a rana yana dariya. "Dogo, zo ka gani! Wannan ne wai nawa? Ko jaririn goye ya san ba ɗaya ba ne." Na goma kore, na tara kore. Na takwas babu komai sai kiyashi da kwaɗo guda. Ranar har shayi ya saya wa Dogo, da ƙwai, abin da Dogo ya ce tun da aka ɗaura auren yayarsa bai taɓa gani ba.

A na bakwai, can gefen kogin, ya samu biyu. Kore ne, amma koren ya dushe, akwai wani ja-ja a ƙarƙashinsa. Ya goga da yatsa bai fita ba. Ya ce jar ƙasar wurin ce ta rina su. Ya sa a kwalba ya rubuta, ya hau mota. Duk tsawon gadar idonsa na kan ruwan, yana auna faɗinsa, yana faɗa wa kansa cewa ko akuya ba za ta haye wannan ba balle abin da bai fi gaɓar yatsa biyu ba.

Da hantsi suka tsaya a na shida. Gwangwanin farko ruwan sama ya cika shi da laka. Na biyu gizo-gizo ne da kiyashi. Ya ɗaga fallen dutsen na uku, ya zaro gwangwanin, ya tace a tafin hannunsa. Guda uku ne. Ya juya su a rana, ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Daga kafaɗa zuwa tsakiya jan ƙarfe ne, irin nasa sak, wanda ya shekara ashirin da ɗaya yana kallo. Daga tsakiya zuwa ƙarshe kore.

Ya ɗago ɗaya daga cikinsu dab da fuskarsa.

"Munafuki!" ya ce da ƙwaron. "Ɗan banza mara mutunci! Ta ina ka bi? Wa ya ɗauko ka? Shekara ashirin ina zuba maka kafur, ina kare ka daga kyankyaso, ina faɗa da mutane a kanka, ashe yawon ta zubar kake yi a duniya!"

Ya ɗaga hannu ya watsar da su iya ƙarfinsa. Suka faɗa can cikin magudanar, inda ciyawa ta kai gwiwa, ruwan laka na tafiya a hankali a ƙarƙashinta.

Ya tsaya yana haki. Da ya juyo sai ga Dogo a jingine da mota, hannu a aljihu, ya ga komai tun daga farko. Dogo ya kau da kai ya dubi sama, ya ce a hankali, ba da tsokana ba wannan karon, "Ni fa ban ga komai ba, Yaya. Gwangwani uku, duk fanko. Hau mu tafi."

Da zagi Dogo ya yi masa, da ya hau motar. Tausayin ne ya ƙona shi. Wato har ya kai matsayin da ƙanin matarsa zai rufa masa asiri? Shi da ya taɓa yaga wa ɗalibi aikin wata uku saboda ya rubuta ranar da ba ita ba a takardar ƙwaro? Shi da duk abin da ya mallaka a cibiyar nan, da ba shi da takarda ba shi da kujera, shi ne in ya rubuta abu ba a sake dubawa?

"Ba ka ga komai ba?" ya daka masa tsawa. "Idonka ciwo yake? Uku ne! Ka gani, na gani!"

"To Yaya, ni me na yi?"

"Rufe mini baki!"

Ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya gangara cikin magudanar. Mutum mai shekara hamsin da tara, da ciwon gwiwa, ya durƙusa a cikin laka yana raba ciyawa ɗaya bayan ɗaya, yana lalube da yatsu, bakinsa bai daina zagi ba. Ya zagi ƙwaron, ya zagi matafiyin, ya zagi attajirin da kakanninsa, ya zagi wanda ya gina gadar, ya zagi ofishin ma'aikata, ya juyo kan kansa ya yi wa kansa tas. Motoci na wucewa suna rage gudu ana leƙensa. Dogo ya duba agogo sau biyu, mai katako na jira, sannan ya yi tsaki shi ma ya tuɓe takalma ya shigo. Sai da rana ta take tsaka suka samu biyu, ɗaya ma ƙafarsa ta ɓalle. Na ukun ruwa ya tafi da shi.

A bakin titi, da laka har ƙirji, ya buɗe littafi ya rubuta: zango na shida, gefen gida, uku, ɗaya ya ɓata a hannuna.

Sauran hanyar ba ta ƙara masa komai ba. Na biyar shanu sun tattake, na huɗu manomin nan ya tone ya zubar. Na uku da na biyu da na ɗaya duk jan ƙarfe ne zalla. Ya gane sarai cewa da ya hau motar lokacin da Dogo ya ce ya hau, da yanzu yana ɗauke da ja a gefe guda, kore a gefe guda, da kogi a tsakani. Wannan sanin bai sanyaya masa rai ba ko kaɗan, ƙara hura shi ya yi har suka iso gida.

Kwana goma ya yi yana soke su, ya rufe ƙofa ba ya amsa gaisuwa. Ya jera su a sabon akwati bisa tsarin hanya, daga tsauni zuwa gida, yadda ko yaro ya kalla zai ga koren yana juyewa ja a hankali. Biyun nan ya sa su a tsakiya, a wanke tsaf, ƙafar da ta ɓalle ya manne ta ba a ko ganewa. Ranar Litinin da safe ya ɗauki akwatin ya dire a gaban Dakta, da littafin a kai.

Ta daɗe tana dubawa. Ta sa ɗaya daga cikin biyun a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ta ɗago, ta buɗe littafin ta karanta, ta kai kan zango na shida ta tsaya. Idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ka san abin da ka kawo mini?"

"A'a, ban sani ba, jiya aka ɗauke ni aiki."

Ta rufe littafin a hankali. Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Ba wanda ya san na samu wannan. Ba gaggawa ake yi ba. Zan iya sa takardar a durowa, in kama wani aikin. Ƙwaron ya jira shekara ɗari, zai iya ƙara jira."

"Har yaushe?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ce har yaushe? Faɗa mana, ke ce mai ilimi. Har in mutu, ko? Ki zauna kina leƙen fuskata kowace shekara, kina cewa tsohon nan har yanzu da sauransa? Ranar da aka kai ni ki dawo daga gaisuwa ki buɗe durowa?"

"Wallahi ba haka nake nufi ba, Baba."

"Haka ne mana! Na shiga kwata da gwiwoyina, ana tsayawa da mota ana kallona kamar mahaukaci, don ki sa a durowa? Ku duk haka kuke. Waɗancan sun hana ni abin da na cancanta, ke kuma za ki ba ni sadakar abin da ba nawa ba. Ban roƙe ki ba! Ɗauki hotonsu, ki sa taswirar, ki aika. Ina nan a tsaye."

Ta ce aikin zai kai kwana uku. Ya ce ya ji. Kwana ukun nan kullum yana kanta, ya sha mur, yana gyara mata lambobin zango, yana faɗa in ta matsar da ɗigo a taswira ko da kaurin gashi ne. Ranar Alhamis da azahar ta gama. Ya tsaya a bayan kujerarta har ya ga ta danna, ya ga saƙon ya fita.

Sannan ya je ya jawo akwati na goma sha huɗu ya kawo teburinsa. Ya zare takardar da ke goshin akwatin, wadda Farfesa ya rubuta da hannunsa, ya kifa ta a gefe. Ya yanko sabuwa daidai girmanta, ya tsoma alƙalami a tawada, ya share bakinsa a jikin kwalbar. Bai juyo ya dube ta ba.

"Karanto mini sunan mutumin nan," ya ce. "A hankali, kada in yi masa kuskure."